Ajiya Maganin Wata Rana

Ɗana, ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci. Maganar kwamfutar nan ce da kake saɓe da ita a jaka safe da yamma, da abin da ka tara a cikinta. Ke ma 'yata da ke nake. Duk inda na ce kai, ki sa kanki a ciki.

Kwanakin baya na kai tawa wajen mai gyara saboda wasu madannai sun daina aiki. Ina zaune a kan benci ina jiran layi sai ga wani saurayi ya faɗo shagon, ko sallamar kirki bai iya yi ba. Ɗalibi ne a shekarar ƙarshe. Malamin da ke duba furojet ɗinsa ya riga ya sa hannu a babi huɗu, saura kwana tara ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, da asuba ya kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Mai gyara ya kwance ta, ya zaro faifan ajiya, wanda suke kira had-dis, ya jona masa wata 'yar waya, ya kara a kunne. Mu ma da ke gefe muna jin sautin: ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bangon da batirinsa ya kusa ƙarewa. Ya ajiye shi a hankali kan tebur, ya dubi yaron ya ce, "Malam, kana da shi a wani wuri?" Yaron ya ce akwai a filash. Aka jona filash. Babi na ɗaya kaɗai ke ciki, shi ma na wata biyar da suka wuce, tun kafin gyare-gyaren malami. Yaron nan ya cire hula ya riƙe a hannu, ya zauna kusa da ni yana salati ƙasa-ƙasa. Ban sami abin ce masa ba sai haƙuri, don na san wannan zaman. Na taɓa yin irinsa.

Shekarar da mahaifiyata ta fara jin jiki, na zaunar da ita kwana uku a jere bayan la'asar, na ɗauki muryarta tana ba ni tarihin gidanmu: wane ya haifi wane, daga wane gari kakanmu ya taso, shekarar fara da ta yunwa, da sunayen 'yan'uwan da suka bazu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Na juye a kwamfuta, na goge daga waya don wuri ya samu, ina cewa in na sami sukuni zan kwafa a wani abu. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, kwamfutar tana jone, ta ƙone har da faifan ciki. Ba a ceto komai ba. Bayan wata bakwai Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa. Kwamfuta dai na sayi wata a watan da ya biyo. Muryar kuwa, har yau nakan rufe ido ina ƙoƙarin tuna yadda take furta sunan kakanmu, kuma kowace shekara ƙara yi mini nisa take.

Ka ga, kwamfuta tana da farashi. In ta mutu, ko da bashi ko da adashi za ka sayi wata. Abin da ke cikinta ne babu kasuwar da ake sayar da shi: hotunan sunan ɗanka na fari, lissafin bashin da kake bin mutane, takardun filin da ka yi wa sikanin, rubutun da ka shekara biyu kana kwana a kansa. Amma dubi yadda muke yi. Ƙarfen muke saya wa jaka mai laushi, mu manna masa leda kada ya kwarzane, abin da ke ciki kuwa mu bar shi ƙwaya ɗaya tak, a wuri ɗaya tak.

Wannan sakaci ba namu ne mu kaɗai ba. Wani kamfanin ajiyar bayanai na Amurka mai suna Backblaze yana tambayar masu kwamfuta kowace shekara tun 2008, sau nawa suke kwafe duk abin da ke cikinta. A shekarun baya-bayan nan amsar ba ta cika sauyawa ba: kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke yi kullum, kusan ɗaya cikin biyar kuma bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Sauran suna tsakiya, mai yi wata-wata, mai yi shekara-shekara, mai yi in ya tuna. A ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba ke nan, intanet kuma yana cikin gida kamar ruwan famfo. Har rana aka ware tun 2011, wato 31 ga Maris, don tunatar da mutane. To ina ga mu, masu fama da zafi da ƙura da wutar da ke zuwa yadda ta ga dama, ga ƙwacen waya, ga fasa shago?

In na tambayi yaro ko yana da kwafi, amsar da na fi ji ita ce, "Baba, ai ba ta daɗe a hannuna ba, garau take." A hannunka ne ba ta daɗe ba. Yawancinmu na hannu muke saya, waɗanda suka gama bauta a ofisoshin Turai da Amurka aka lodo su a kwantena, kuma babu wanda ya gaya maka shekara nawa faifan cikinta ya yi yana juyawa. Juyawa kuwa yake da gaske. Faifai irin na da, faranti ne ke wulwulawa a cikinsa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu mai karatu da rubutu yana shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa da kaurin silin gashi ba ta kai ba. Kwamfuta ta zame daga cinyarka tana kunne, ko ka hau babur da ita ba ka kashe ba aka faɗa rami, hannun nan yana iya taɓa farantin ya kwarzane shi. Ƙas-ƙas ɗin da muka ji a shagon mai gyara, hannun ne ke kai-komo yana neman wurin da zai karanta ya rasa. In ka taɓa jin wannan sauti a taka, kashe ta nan take. Kada ka yi ta kunnawa kana gwadawa, kowace kunnawa ƙara ɓarna take.

Sababbin kwamfutoci sun koma wani ma'aji da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, in da hali ma shi nake so ka saya. Sai dai shi ba ya tari kafin ya kwanta. Na da yakan ja ƙafa, ya yi ƙara, wani lokaci ya ba ka kwanaki. Wannan kuwa sau da yawa jiya lafiya lau, yau kwamfuta ta ce ba ta ma san da shi ba. Ceto abu daga cikinsa kuma ya fi wuya, ko a wajen gwanaye.

Filash jakar ɗan aike ce. An yi shi don a ɗauki takarda daga nan a kai can, kada ka mai da shi rumbu. Yana ɓacewa, a wanke shi a aljihun riga, bakinsa ya karye. Ka kai shi shagon buga takardu sau ɗaya ya dawo da bairos ɗin nan mai ɓoye foldoji ya bar maka inuwarsu. Akwai kuma na jabu birjik a kasuwa: a jiki an rubuta gig 64, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi duk abin da ka ba shi ba musu, ya jera maka sunayen fayiloli tsaf, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da shara. In ka ga filash ko memori mai girma da kuɗin da hankali ba zai ɗauka ba, bar wa mai shi kayansa, araha ba ta ado.

Kuskure biyu na fi tsoro, don masu yin su gani suke sun tsira. Mai gyara ya raba maka faifai gida biyu, C da D, ya ce ka riƙa ajiya a D. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya, in aka yi wa kwamfuta fomatin D yakan tsira. Amma ɗaki biyu ne a gida ɗaya. Ran da gidan ya rushe tare za su tafi, ran da ɓarawo ya ɗauki jakar kuwa da C da D duk ya kwashe. Ɗayan kuskuren irinsa ne ya ci ni. Wuri ya cika, ka sayi faifan waje, estanal, ka kwashe hotuna ka zuba a ciki, sannan ka goge na kwamfuta. A ranka ka yi bakof. Ƙaura kawai ka yi musu. Da guda ɗaya ne, yanzu ma guda ɗaya ne, sai ma dai ka mayar da su cikin abin da ya fi saurin faɗowa daga tebur.

Iyayenmu ba su san kwamfuta ba, amma wannan ilimi a hannunsu yake. Manomin kirki ba ya cuɗa iri da abinci, yakan ware damin iri ya adana daban, don ko gara ta shiga rumbu ko gobara ta tashi, damina ta same shi da abin shukawa. Littattafan Shehu Usmanu da na ƙaninsa Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u, da me suka iso gare mu bayan fiye da shekara 150 ta gara da yoyon ɗaki da yaƙe-yaƙe? Da hannun almajirai masu kwafa. Wannan ya juya ya tafi da shi Katsina, wancan ya juya ya kai Adamawa. In na gidan wani ya lalace, na gidan wani yana nan cikin gafaka. Masu kwamfuta sun zo daga baya sun ba abin lamba, 3-2-1, wadda wani Ba'amurke mai sana'ar ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yaɗa a littafinsa kan adana hotuna. Duk abin da kake ji da shi ya zama guda uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ba a gidan da kake kwana ba. A wurin irinmu, na cikin kwamfuta ɗaya ke nan, na faifan waje biyu, na intanet ko faifan da ka kai gidan yayarka shi ne cikon na uku.

Kada ka raina na ukun nan. Mutane sukan yi biyun farko su tsaya, sai ka ga faifan wajen yana zaune a aljihun jakar kwamfutar, tare suke fita tare suke dawowa. Wanda ya fizge jakar ya tafi da su duka. Ka tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. Ka tuna Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, mutane suka fita daga su sai kayan jikinsu. A irin wannan dare babu mai tsayawa neman faifai, bai kuma kamata ya tsaya ba, rai ake ceto. Abin da zai tsira shi ne wanda da ma ba ya gidan.

Wani darasin daga teku ya zo. Ranar 27 ga Yuni 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa NotPetya, wadda ta faro daga Yukren, ta shiga kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak, mai kwantenonin nan da kake gani a bayan tireloli daga Legas. Kafin a ankara ta lalata komai. Sai da suka sake ɗora manhaja a kwamfutoci 45,000 da manyan injuna 4,000, asararsu ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigar kowa, wanda in babu shi sauran ba za su tashi ba. Suna da kwafinsa sama da ɗari a sassan duniya, kowanne yana juyar ɗan'uwansa, sun ɗauka babu yadda za a yi duk su tafi lokaci guda. Da yake duk a jone suke da juna, cutar ta bi su ta shafe. Guda ɗaya ya rage, a wani ofishinsu na nan Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, injin yana kashe. Faifansa aka ɗauka a jirgin sama zuwa Ingila, daga shi aka tayar da kamfanin.

Don haka faifan wajenka, in ya gama aikinsa, zare shi ka ajiye. Akwai manhajojin garkuwa da bayanai, masu kulle fayilolinka su nemi kuɗin fansa, kuma duk abin da suka tarar a jone da kwamfuta haɗawa suke su kulle. Wutar da ta zo da ƙarfi ma ba ta ware wannan na aiki ne, wannan na ajiya.

Sai abin da kusan kowa ke tsallakewa, wato dubawa. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin yara na zane mai motsi, Toy Story 2, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba. Ma'aikata suna kallo fayiloli suna ɓacewa a gabansu, kafin a zare wutar injin kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Da farko ba su firgita sosai ba, don suna da tsarin kwafi. Da aka ɗauko, ashe ya jima da samun matsala babu wanda ya lura. Wata ma'aikaciyarsu ce ta cece su, Galyn Susman, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba tana aiki daga gida, saboda haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutar ɗakinta. Aka naɗe kwamfutar nan da barguna, aka sa a mota, aka kawo ta a hankali kamar jariri. Fim ya fito a 1999. Waɗannan fa mutane ne da kwamfuta ita ce sana'arsu, suna da injiniyoyi da kuɗi, duk da haka aikinsu ya rataya a kan kwafi guda da ba su ma shirya shi don wannan rana ba. Rumbun da ba ka leƙawa, ba ka san ko hatsi ne a ciki ko gara ta mai da shi gari ba. Ɗalibin nan da na gani a shagon mai gyara shi ma yana da filash. Da ya taɓa jonawa ya duba ko sau ɗaya cikin wata biyar, da ya ga babi ɗaya ne kawai a ciki.

Ma'ajiyar intanet, wadda Turawa suka sa wa sunan gajimare, ita ce hanya mafi sauƙi ta samun kwafin da ba ya gida, kuma ina so ka yi amfani da ita. Google yana ba kowa gig 15 kyauta, wanda imel da Drive da hotuna ke rabawa a tsakaninsu. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple kowanne gig 5 yake bayarwa. Na san za ka ce data, kuma gaskiyarka, ta yi tsada. Amma furojet ɗin yaron nan gaba ɗayansa bai kai nauyin bidiyon biki na minti ɗaya da ake turo maka a WhatsApp ba. Ba finafinai za ka ɗora ba, su kullum ana samun wasu. Takardu za ka ɗora, da zaɓaɓɓun hotuna, da muryoyin tsofaffinka.

Sai dai ka riƙe cewa gajimaren nan kwamfutar wani ce a cikin ginin wani, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗansu abokan hulɗarsa suka rasa komai, don kwafinsu na biyu ma a nan wurin yake. A 2019 MySpace ya sanar da cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya injuna. Google kuma tun Disamban 2023 yana da ikon goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba. Ga wani tarkon da mutane ba su cika sani ba: foldar da ke haɗe da intanet madubi ce, abin da ka yi a nan shi za ta yi a can. Ka goge fayil bisa kuskure a kwamfuta, na can ma ya bi shi, yakan yi kwana 30 a kwandon shara sannan ya tafi gaba ɗaya.

Wanda ya fi damuna a cikinmu shi ne mabuɗi. Mutum nawa ne mai shagon waya ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, har yau ba su san kalmar sirrin ba? Ana ta tara hotuna da lambobi a ɗakin da mabuɗinsa ba ya hannunka. Ran da wayar ta ɓace, ka ce a turo maka lambar shiga, sai ta tafi wani tsohon layin da ka daina amfani da shi, wataƙila har an ba wani. Yau ɗin nan ka shiga asusunka ka sauya kalmar sirri, ka tabbatar lambar da ke kai ita ce a wayarka. WhatsApp kuma ba ma'aji ba ne. Yakan rage wa hoto inganci in an tura shi yadda aka saba, kwafin hirarrakinsa a wayoyin Android kuma yanzu cikin gig 15 ɗin nan yake ci, in wuri ya cika sai ya daina.

To Baba, sau nawa zan yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayi kanka: in kwamfutar nan ta mutu yanzu, aikin kwana nawa zan iya sake yi ban durƙushe ba? Amsarka ita ce tazarar. Mai rubuta furojet ko littafi, da mai lissafin shago, kullum ne, kafin ya rufe kwamfuta da dare. Ya kuma riƙa sa kwanan wata a sunan fayil, kada na yau ya hau kan na jiya, don wani lokaci ɓarnar a cikin rubutun take, sai bayan mako ka gane shafi goma sun ɓace. Mai ɗaukar hoton biki, a daren bikin, wuri biyu, kafin ya taɓa goge memori. Sauran jama'a mako-mako ya wadatar, hotunan iyali kuma bayan kowace Sallah da kowane suna. Ban da wannan akwai ranakun da ba a tsallakewa: kafin ka miƙa wa mai gyara, kafin fomatin, kafin doguwar tafiya, kafin ka ba wani aro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma ka dogara da tunawarka. A Windows akwai File History, in ka nuna masa faifan waje yakan kwafi abin da ya sauya duk bayan awa guda muddin faifan yana jone. A kwamfutocin Apple akwai Time Machine, mai riƙe kwafin kowace awa na yini guda, na kowace rana na wata guda, na kowane mako daga nan zuwa baya. Suna cikin kwamfutarka tun ranar da ka saye ta, ba a biyan ko kwabo, kunnawa kawai suke jira.

Ga yadda nake yi tun bayan rashin da na gaya maka. Faifan waje biyu gare ni, na ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗayan baƙi. Kowace Juma'a da hantsi, bayan karin kumallo kafin in yi wankan masallaci, nakan ɗauko wanda ke gida in jona. Yana gamawa kafin shayina ya huce, don abin da ya ƙaru a makon kawai yake ɗauka. Sai in shiga cikinsa in buɗe abu uku da hannuna: hoto ɗaya, takarda ɗaya, murya ɗaya in saurara. In zare, in rubuta kwanan wata a wani ɗan littafi, in mayar da shi aljihun tebur. Ɗayan yana gidan ƙanwata a wata unguwa, cikin gwangwanin alewa a ƙasan adakarta. Farkon kowane wata in na je gaishe ta sai in kai wannan in ɗauko wancan. Ta saba har takan ce, "Yaya, jan ka kawo ko baƙin?" Takardun da nake aiki a kansu kuma suna hawa intanet da kansu kowane dare. Faifai in ya shekara huɗu ko biyar a hannuna nakan saya masa magaji, ko da bai nuna gajiya ba.

Wani zai ce abin da Allah ya ƙaddara zai ɓace sai ya ɓace. Haka ne, babu ja. Amma kai ɗin nan kana kulle shagonka da kwaɗo biyu, kana sa wa babur sarƙa, kuma tun muna makarantar allo aka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Balle ma ba duk abin da ke cikin kwamfutarka ne naka ba. Sakamakon jarrabawar ɗaliban da kake koyarwa, lissafin kuɗin ƙungiya ko na ginin masallaci, hotunan amaryar da iyayenta suka biya ka, rubutun da wani ya kawo ka buga masa, duk amana ce. Ranar da suka salwanta, "kwamfuta ce ta lalace" ba za ta wanke ka a wurin masu su ba, don an san kwamfuta tana lalacewa tun kafin ka karɓi amanar.

Abu na ƙarshe yana da nauyin faɗa, amma dole in faɗa. Akwai ranar da kwamfutar za ta kasance lafiya lau, kai ne ba ka nan. Na ga iyalan da maigida ya rasu, takardun gida da lissafin bashi suna cikin kwamfuta da waya a kulle, magada suna kallon su ba hanyar shiga. Kwamfutocin Windows da yawa yanzu faifansu a ɗaure yake da BitLocker, wanda mabuɗinsa na gaggawa lambobi 48 ne. In babu shi babu kalmar sirri, ko mai gyara ba abin da zai iya. Ka rubuta kalmomin sirrinka masu muhimmanci da wannan mabuɗi a takarda, ka sa a ambulan ka liƙe, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili, ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi.

In kuma kana da tsoho ko tsohuwa a raye, ka je ka zauna da su makon nan ka ɗauki muryarsu, kada ka kwanta sai ta zama guda uku. Juma'ar nan mai zuwa ka jona faifanka kafin ka tafi masallaci, in ya gama ka buɗe ka gani da idonka, sannan ka zare. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka da abin da ka tara.